Ɗakin Gabas na Gidan Dalhatu

"Karɓi makullin mana, Ja'afaru," in ji tsoho Dalhatu daga kan tabarma, muryarsa na fita da ƙyar.

Ja'afaru bai miƙa hannu ba. Shekara hamsin suna maƙwabtaka a bayan garin Durun, kuma shi ya fara cewa ɗakin gabas na gidan gonar nan akwai abu a ciki. Mutum ya taho daga Damagaram a shekarar fari, ba nasa ko ɗaya, ya buga tubali da hannunsa, ya tayar da ɗaki ba taga tun bai yi wa kansa makwanci ba, kullum da hantsi ya shige ya rufo. Ga gonarsa ba ta taɓa ƙin dawa ba. Wa zai ce banza ne?

Maganar ta bazu. Jiya a masallaci wasu suka ce in ta Allah ta kasance, ba za su sallaci mai tsafi ba.

"Me zan tarar?" Ja'afaru ya tambaya.

"Makwanci."

Kafin azahar Dalhatu ya cika. Liman da jama'a suka yi cirko-cirko a tsakar gida, ba wanda ya ɗora ruwan wanka. Ja'afaru ya yi bisimilla sau uku, ya ɗauki makullin, ya buɗe ƙofar ɗakin.

Kabari ne guda, an jera masa duwatsu. Gefensa an bar fili daidai tsawon mutum.

"Rahama ce, matarsa," in ji Inna Zubaidatu, gwaggon Ja'afaru, tana dogara sanda. "Amai da gudawa ya kashe ta kwana biyu da isowarsu. Gari ya hana shi maƙabarta don tsoron cutar. Nan ya binne ta shi kaɗai, ya gina mata ɗaki kada garma ta bi ta kanta."

"Gwaggo, kina jin abin da nake faɗa, kika yi shiru?"

"Mahaifinka ne ya tare shi a bakin maƙabartar. In ce maka me?"

Kunya ta rufe Ja'afaru, ya kasa duban kowa. Liman ya ce a kawo likkafani, samari suka tafi ɗauko diga.

Kwana tara Dalhatu ya yi a kwance yana jinya bai shiga ɗakin ba, har gizo-gizo ya fara saƙa a kan duwatsun. Ja'afaru ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya ɗauki tsintsiyar da ke jingine da bango.