Inda Aka Kai Talle

Sunana Balki, ’yar Tudun Makera. Idan kun duba takardun gwamnati yau ba za ku ga mazaɓa mai wannan suna ba. Amma an yi ta, a bayan birnin Kano, daga layin dogo har ramukan masu bulo. Ban yi boko ba. Zeinabou maƙwabciyarmu a nan Riyad ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata idan ta gyara mini magana ban yafe ba.

Sau huɗu aka zaɓi ɗan majalisa a mazaɓar nan ina gani. Na farko da na biyu maza kaɗai ke jefa ƙuri’a. Namu dafa tuwo, da gasa musu baya idan sun dawo da shatin bulala. Wani attajirin gyaɗa ya ci duka biyun, mutumin da bai taɓa kwana a unguwar ba.

Na uku, a saba’in da tara, aka ce mata ma su fito. Ni na bi gida gida ina roƙon maza su bar matansu. Wani ya zage ni, wani ya sako mini kare. Ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo, Malam Jabiru hedimasta ya ci. Famfo biyu ya kawo mana da asibitin sha-ka-tafi. Ba yawa, amma mun gani da ido.

Na huɗu shi ne na tamanin da uku. Nan Alhaji Maikuɗi ya fito, ɗan kwangilar da ya saye gonakin gefenmu ya yanka su filaye. Ɗana Talle, shi kaɗai Allah Ya bar mini, shi ne wakilin Malam Jabiru a akwatin makarantar firamare. Da la’asar yaran Maikuɗi suka zo da mota suka ɗauki akwatin. Talle ya ce inda akwati ya je nan zai je, ya ɗafe bayan motar. Mutum ya fi talatin sun gani. Daga ranar ban sake ganinsa ba, a raye ko a mace.

Da aka faɗi sakamako a rediyo, ƙuri’un Maikuɗi sun fi yawan mutanen unguwar har da jarirai. Muka shigar da ƙara. Ana ta ɗage zama har soja suka ƙwace mulki. Na koma kotu, magatakarda ya ce da ni, “Baba, babu majalisa, babu mazaɓa, ƙarar wa kike bi?” Na ce ƙarar ɗana. Ya ce wannan ba layinsa ba ne. Maikuɗi kuwa ya tsallake ƙasar kafin a kama shi.

Shekara biyu bayan haka Likita Bashari, ɗan ƙawata, ya ɗauko ni rainon yaransa a nan Riyad, a unguwar Badi’a. Na zo don zaman gidana ba Talle ya ishe ni. Iƙamata, takardar zama ke nan, tana aljihunsa, da sunan wani Balarabe kafili, mai tsaya wa baƙo a wurin hukuma, da ban taɓa gani ba. A ƙasar nan mai aiki ba ya fita daga gari zuwa gari sai da takardar izini.

Ranar wata Asabar muka je kasuwar Aziziya sayen tumatir da albasa. Likita na can wajen mota, sai na ji murya a bayana tana cinikin kankana da gurɓataccen Larabci. Na juya. Farar jallabiya, jan ƙyalle a ka kamar ɗan gari, gemu ya sha baƙin shuni. Amma tumbin nasa ne, da haƙorin Makka na hagu.

Na ce, “Maikuɗi.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Hajiya, daga ina?”

“Daga inda ka ci zaɓe. Ni ce uwar Talle.”

Ya ajiye kankanar a hankali. Ya ce, “Wane Talle? Talle ai da yawa.”

“Wanda ya hau motarka. Ba na neman kujera, ba na neman a ɗaure ka. Ka gaya mini inda aka kai shi. Ko ƙashi ne in tattara in sa masa likkafani.”

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Baba, tsufa ya taɓa ki. Abin da ya wuce ai ya wuce. Mazaɓar ma ta mutu.”

Nan na yi abin da Zeinabou ke cewa wauta ce. A gidanmu ba a kai ƙarar mutum wurin Allah a bayan idonsa. Sai an faɗa masa baki da baki, an ba shi kwanaki, ko zai tuba. Haka uwata ta yi, haka na tashi na gani. Na ce masa, “Na ba ka kwana shida. Juma’a mai zuwa Likita zai kai iyalinsa Umara, da ni. Idan ban ji daga gare ka ba, zan kama tufar Ɗakin Allah in kira sunanka da na ubanka, in ce Allah Ya isa.”

Fuskarsa ta sauya. Mutumin da bai ji tsoron alƙali ba, sai ga shi ya matso kusa da ni. Ya tambaye ni, a hankali, “Wane likita?”

Ni kuma na faɗa masa.

Lahadi shiru. Litinin wayar falo ta yi ƙara sau uku, in na ɗauka sai in ji numfashi kawai. Talata Likita ya dawo bai taɓa abinci ba, matarsa ta daina haɗa ido da ni. Laraba na ga wata baƙar mota a ƙofar gida tun hantsi har azahar, ba wanda ya fito daga cikinta.

Alhamis Likita ya kira ni falo. Ya ce, “Baba, zauna.”

Na ce, “A tsaye ma ina ji.”

“Kafili ya soke iƙamarki. An buga miki fita ba dawowa. Jirgi gobe da safe.”

“Umarar fa?”

“Babu takardar izini.”

“Jirgin ai ta Jidda yake bi. Makka ga ta nan kusa.”

“Ba za a bar ki ki fita daga filin jirgin ba.” Ya sunkuyar da kai. “Baba, Maikuɗin nan abokin kasuwancin kafilin ne. Kwangilar aikina ma an ce za a duba. Yara huɗu gare ni.”

Na ce, “Ni guda ɗaya gare ni, Bashari. Na goya ka a bayana ranar zaɓen farko da ubanka ya je jefa ƙuri’a, ƙafarka na ciwo, ƙato da kai.”

Sai aka yi sallama a ƙofa. Maikuɗi ne da kansa, da kwalin dabino da jarkar zamzam a hannu.

Ya zauna a bakin kujera. Ya ce, “Baba, na zo sallama. Ga ɗan tsaraba.”

“Ɗauki kayanka. Ka hana ni Makka, to Allahn Makka Shi ne na Kano.”

“Na sani,” in ji shi. “Shi ya sa na zo. Ba ni na taɓa shi ba, yara ne. Abin da aka gaya mini, tsohuwar rijiyar bayan ramukan bulo. An cike ta. Akwai gini a kai yanzu.”

Na ce, “Ginin wa?”

“Nawa. Gidajen haya ne.” Ya gyara jan ƙyallensa. “To na faɗa. Ki ce kin janye.”

“Sai na tona na gani.”

Ya miƙe, ya shafa jallabiyarsa. Ya ce, “Yaran nan har yanzu su ke kula mini da gidajen. Na buga musu waya cewa kina tafe. Za su tarbe ki a filin jirgi, kada ki wahala da kaya.”

Ya fita ya bar dabinon a tsakiyar falo.

Na haɗa kayana, ƙullin zannuwa biyu ne da buta. Zeinabou tana kuka tana cewa in na sauka in zarce Zariya wurin ƙanwata, kada in nufi unguwar. Na ce ta share hawaye ta ƙarasa rubutu. Na san wani mai haƙar rijiya a bakin layin dogo, matarsa na cikin waɗanda na fitar zaɓe. In yana raye, gidansa zan fara zuwa.