Gurorin Faki Pandu

Kwana uku ke nan Faki Pandu yana jan ƙugiya a ƙasan ruwa, ban da ciyawar teku babu abin da take kamowa. Gurorinsa guda huɗu, wato kwandunan tarkon kifi, waɗanda ya saƙa da hannunsa, sun yi ɓatan dabo.

Tsofaffin masuntan tsibirin Pemba ba sa ɗaura wa gura alama, don kada ɓarawo ya riga su. Ido ne alamar. Faki yakan tuƙa kwale-kwalensa har sai kukar bakin gaɓa ta daidaita da rufin masallaci, sannan ya saki ƙugiya. Ko ɗansa Makame bai taɓa gaya wa wurin ba. To, bana kukar ta soma zama masa hazo-hazo, kuma ya san ranar da Makame ya gane, zai karɓe kwale-kwalen ya zaunar da uban a kan dakali. Wannan ne ke cin ransa, tsoro yake ji ba kaɗan ba.

Sai ya huce a kan masu nutso. Jirginsu na tsayawa kusa da shi, ya miƙe yana nuna su da filafili.

"Ku ne! Ku da tulunan iskarku a baya kamar kunkuru! Kun shiga kun kwashe min gura!"

Mwanaidi, 'yar marigayi amininsa, ita ce ke kai baƙi kallon kifi a ƙarƙashin ruwa. Ta cire gilashin fuskarta tana dariya.

"Haba Baba Faki, me Turawa za su yi da gurarka? Hula?"

"Rufe min baki, mara kunya! A gabana aka yanka ragon sunanki."

"To yi haƙuri. Bari in duba maka."

Ta faɗa ruwa ta baya, tsundum. Kumfarta ta yi ta tafiya, ta yi nisa, nisan da bai yi zato ba. Can ta ɓullo, ta iyo ta kama bakin kwale-kwalensa. Dariyar ta tafi.

"Suna can duk huɗun, Baba, cike da kifi. Igiyar ruwa ce ta ja su."

Faki ya san ba ruwa ba ne, idonsa ne ya ɓatar masa da wurin. Shi da kansa ya ɗaura wa kowace gura duwatsun da ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ita ma ta gan su da idonta. Tausayin yarinyar ya fi zagi yi masa ciwo, amma ya ji daɗinsa har cikin zuciya.

Ta maƙala masa ƙugiyar a jikin gurorin ɗaya bayan ɗaya, yana ja, baƙinta na tafi kamar an yi musu wasa.

Da suka iso gaɓa, ga Makame tsaye ya riƙe ƙugu.

"Wa ya gano su?"

"Babanka mana," in ji Mwanaidi da sauri. "Ni dai hannu na sa."

Faki ya dube ta, ya ga fuskarta dishi-dishi.

"Bar shi haka, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ya juya ga ɗansa. "Ƙarya take yi don ni. Gobe da safe ka zo mu fita tare, in nuna maka wurin tun ina iya nunawa."