Sarƙa Mai Faɗi

A shagon gwal ɗin kowa Barewa yake ce mata, saboda wuyanta. Dogo ne, sumul, kuma shi ya samo mata aikin, ba takarda ba. Ƙa'idar shagon ita ce kullum ta rataya sarƙa ɗaya ta tsaya bayan gilashi. In mai saye ya ce ita yake so, ta cire ta miƙa. Tun tana ƙarama kallo take ci ta ƙoshi. Ranar da ba a waiwayo an sake dubanta ba, sai ta koma gida kamar an yi mata sata.

Sai ga kumburi ya fito mata a ƙasan maƙogwaro, kamar ƙwan tattabara. Likita ya ce a cire shi da wuri. Ta tambaya ko aikin zai bar tabo, ya ce zai bari. Ba ta koma ba. Ta ɗauko sarƙa mafi faɗi a shagon, wadda tsada ta hana kowa taya ta, ta rufe abin. Tsoro take ji na gaske, don ko ruwa ta haɗiya sai ta ji yana motsi. Amma tabon ya fi ba ta tsoro. Wa zai kalle ta bayan nan?

Wata rana wani mutum ya shigo da matarsa. Matar ta nuno ta da haɓa.

"Ta wuyanki nake so."

Barewa ta yi saurin nuna mata wasu sarƙoƙin. "Ranki ya daɗe, ga waɗanda suka fi ta kyau nan."

"Ita na ce."

Anti, mai shagon, ta ɗago kai daga kujerarta. Babu hanyar zillewa. Barewa ta kai hannu bayan wuya, maɓallin ya ƙi buɗuwa, gumi ya jiƙe mata baya. Da ƙyar ta cire. Ta tsaya wuya a buɗe, tana jiran a rafka salati ko a kau da kai don ƙyama.

Matar ta karɓa ta juya ga madubi. Mijin ya ce ta yi mata kyau. Suka biya suka fita, ko sau ɗaya ba su dubi wuyan Barewa ba. Ashe duk shekarun nan sarƙa ake kallo, ita maratayi ce kawai.

Anti ce ta taso ta kama haɓarta ta ɗaga.

"Ke, tun yaushe?"

"An daɗe. Anti, don Allah kar ki kore ni."

"Ji sakarci! Ɗauko jakarki."

Ta kulle shagon da rana tsaka, ga masu saye suna tahowa. A mota, kan hanyar asibiti, Barewa ta ce cikin kuka, "Zai bar tabo fa."

"Ya bari mana," in ji Anti, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Sarƙa ina da su fal akwati. Ke in na rasa ki, ina zan samo wata?"