Fitila a Rijiyar Ladan

"Ku sake ta!" in ji Zulaihatu, ƙanwar hakimi, tana kutsawa cikin taron.

Ba wanda ya saki Altine. Mijinta Ladan, maƙwabcina, yana kwance bakin rijiyar fadama an lulluɓe shi da zane. Da hantsi ya shiga yasarta da ƙarfinsa, aka ji shiru, aka jawo gawa. Ba rauni, ba jini, ruwan ma bai kai gwiwa ba. Kafin azahar rabin Bodinga sun yanke cewa Altine mayya ce, har wasu sun tsinci duwatsu. Ni da na yi makarantar Midil a Sakkwato, nake cika wa mutane kunne da zancen jahilci, na tsaya cikin taron ina kallo kawai.

"Ranki ya daɗe, wagga ba maganar mata ba ce," in ji wani dattijo.

"Baba, yaushe aka buɗe rijiyar?"

"Yau. Tun damina tana rufe da zana."

"Ya sauke fitila kafin shi shiga?"

Altine ce ta amsa. "Na ce mishi, Inna. Ya ce ba lokaci, gobe za a kwashe su aikin tilas na hanyar Nasara a Shagari. Albasa tana ƙonewa."

Zulaihatu ta sa aka kawo fitilar aci-balbal, ta ɗaura da kanta a igiyar guga, ta zura cikin rijiyar. Fitilar ta sauka tsawon gaba guda, gaba biyu, harshen wutar ya tsuke, ya mutu.

"Kun gani! Ita ta hure ta!" wani ya yi ihu. Dutse ya faɗi kusa da ƙafar Altine.

Zulaihatu ta sha gabanta. "Malam, kai mai boko, bakinka ya mutu, hannunka fa? Saro reshe."

Na saro reshe mai ganye, muka ɗaura shi a igiya, muka yi ta zura shi cikin rijiyar muna jawowa har kafaɗata ta sage. Wari mai nauyi ya taso. Aka sake kunna fitilar, ta sauka har ƙasa, tana ci.

"Iskar ruɓaɓɓen ganye ce ta kashe shi," in ji Zulaihatu. "Kakanninku sun san haka."

Duwatsun suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum ɗaya bai ce wa Altine yi haƙuri ba, suka ɗauki gawar suka nufi gari.

Altine ta durƙusa ta ɗauki takalman Ladan, ta kaɗe musu laka. Can ƙasa fitilar tana ci a kan ruwa.