Mai Riƙon Layi

Ranar da Rabi'u zai bar Birnin Kudu, muna tsaye a tasha ana ɗaure kaya a saman mota, ya samu tsinke ya zare layinsa daga waya, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Riƙe wannan, Badaru. Ba zai shiga ruwa da ni ba."

Ni da Rabi'u tare muka taso. Shi ya ƙarasa sakandare, ni kuwa ina aji uku na ce ya ishe ni haka. Wani dillalin aiki a Kano, Alhaji Ɗanbala, shi ya samar masa gurbi a jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa, irin wanda masu kuɗin duniya ke shiga su yi ta zaga teku ba tare da wani wuri da za su ba. Aikinsa wanke kwanuka a kicin.

Na ce, "To da me za ka riƙa kirana?"

"Kira? A teku?" Ya yi dariya. "Kai dai baƙauye ne. In ka bar layin gida a waya, eriyar jirgi ce ke kama shi. Ko ba ka taɓa wayar ba, kati na ta zuba. An ce akwai wani da ya kwanta ya manta datarsa a buɗe, kafin ya farka albashinsa ya tafi. Shi ya sa 'yan jirgi ke barin layi a gida, wayar kuma a danna mata alamar jirgin sama a ƙyale ta. Sai in mun tsaya a wani gari na samu waifai na kyauta, in aiko maka da saƙo. Kai dai ka riƙa ɗan kira da shi jefi-jefi, kada kamfani ya ƙwace."

Direba ya fara danna hon. Rabi'u ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Duk wanda ya yi zangon aiki ɗaya lafiya, ana ba shi dama ya kawo mutum ɗaya. Ai ka san wanda zan kawo." Ya buge ni a kafaɗa. "Ka yi fasfo, ka koyi iyo. Suna gwadawa."

Na sa layin a wayata kusa da nawa tun motar ba ta fita daga tasha ba.

Na je Dutse na yi fasfo. Iyo kuwa a kogi na koya, ƙato da ni a tsakiyar yara, ina shan ruwa ina tari suna ihu, "Yaya Badaru, ba da ciki ake yi ba!" A lokacin ina koyon walda a shagon Simon, kuma hannuna ya fara faɗawa. Na ce masa na sallami kaina. Ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube ni ya ce, "Ka bari mana sai ta tabbata." Na ce ai ta tabbata. Da ruwan farko ya sauka, Baba ya kai ni gonarmu ta hanyar Kangire, ya nuna mini wani gefe ya ce nawa ne bana. Na ce ya ba wani, ni ba zan ga girbi ba. Ya ce, "Allah ya sa." Ya ba ɗan ƙanensa.

Layin Rabi'u ba ya hutawa. Masu gayyatar ɗaurin aure, masu neman a haɗa su da aikin jirgi, da wata gwaggonsa a Sundimina da ta ƙi yarda ba shi ba ne. Duk bayanin da na yi mata sai ta ce, "Rabi'u, mura kake yi? Muryarka ta canza." Daga baya na daina musu, na riƙa amsa gaisuwarta ina tambayar awakinta.

Shi kuwa saƙonsa sai an jima ake gani, murya ce gajeriya. "Mutumina, muna wani gari mai sanyi. Maganarka na nan. Waifai zai ɗauke." Sai in saurara in sake saurara, in kunna wa 'yan majalisarmu su ji. In wani ya ce me ya sa ba ya kira, ni ke kare shi. In zauna in yi musu bayanin eriyar jirgi da yadda take shan kati, kamar na taɓa ganin teku.

Wata safiya, damina ta yi nisa har gero ya fara fitar da kai, ina zaune a teburin mai shayi, layin ya yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Salamu alaikum. Wa ke riƙe da layin Rabi'u?"

"Ni ne. Badaru."

"Madalla. Na san yaran jirgi duk a gida suke barin layi, shi ya sa na ce bari in gwada. Ɗanbala ne daga Kano."

Ban san lokacin da na miƙe ba, shayi ya zube mini a ƙafa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Ina kwana? Ya iyali?"

"Lafiya lau. Yaron da Rabi'u ya ba ni sunansa nake nema, tun jiya lambarsa ba ta shiga. Ai za ka san shi. Hadi, na Gwaram."

Na koma na zauna.

"Alhaji, ko dai Badaru ya ce?"

"Badaru kuma? Ba kai ne Badarun ba? A'a, Hadi dai, yayan yarinyar da Rabi'u yake nema. Tun watan azumi muka rufe maganar. Ka taimaka ka isar masa, ya zo ofishina ranar Litinin da fasfonsa, likita zai duba su. In bai zo ba, ina da masu jira birjik."

Ya kashe.

Tun watan azumi. Na buɗe saƙonnin Rabi'u na duba. Wanda ya ce maganata na nan, bayan ƙaramar Sallah ya aiko shi. Akwai ma wani bayansa.

Yarinyar na san ta, Turai. Ni na riƙa kai shi zance wurinta a mashin kafin ya tafi, in zauna a gindin darbejiya sauro na cina har su gama. Da azahar ta gabato, na ari mashin ɗin mai shayi na kama hanyar Gwaram. Ban tafi don in kai saƙo ba. So nake wani ya ce mini Alhaji ya tsufa, sunaye sun ruɗe masa. Amma kafin in wuce garin Sara wani tunani ya shigo ya zauna: duk duniya ni kaɗai na san zancen Litinin. In na yi shiru, Litinin za ta zo ta wuce.

Na tarar da wani saurayi a ƙofar gidan, yana zaune a kan benci yana goge takalmi. Na yi sallama na faɗi sunana. Ya miƙe da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne Badaru mai riƙon layi! Sannu da zuwa. Ni ne Hadi. Rabi'u na yawan zancenka, ya ce kai ne ka kusa shanye kogin Birnin Kudu."

"A ina yake yawan zancena?"

"A waya mana. Kullum bayan azahar in ya samu hutu yake kiran Turai, wani lokaci ta miƙo mini mu gaisa. Yanzu ma ina jin suna kai. Zauna, bari in karɓo maka shi, zai ji daɗi."

Ya shiga gida da sauri. Na zauna a kan bencin kusa da takalmin. Sabo ne, baƙi, irin na zuwa ofis.

Ya dawo da wayar ya miƙo mini. Ga Rabi'u nan, ya yi ƙiba, da farar hula da farar riga. A bayansa akwai wata taga zagayayya, ba komai a cikinta sai ruwa shuɗi har ƙarshen gani.

"Badaru! Kai, me ya kai ka Gwaram?"

"Wane gari kuka tsaya?"

Ya waiga ya kalli tagar, ya dawo da kansa.

"Ba mu tsaya ba."

"To waifan wa kake sha a tsakiyar teku?"

"Na jirgi ne. Ana ɗan ba ma'aikata. Ba shi da yawa, mutumina, in na kira ta shi ke nan ya ƙare."

"Kullum."

"Haba Badaru, kai ma in ka yi budurwa..."

"Alhaji Ɗanbala ya kira layinka."

Fara'ar ta sauka daga fuskarsa. Ya cire hular ya mayar. Hadi na tsaye a gefena, na ga ya daina murmushi yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

Rabi'u ya ce, "Na so in gaya maka baki da baki in na dawo. Ba maganar waya ba ce."

"Amma 'maganarka na nan' ta waya ce."

"Saurara mana. Wanda na kawo, ni ne na tsaya masa. In ya gaji ya gudu a wani gari, ni za a kora, a rufe sunana. Nan ba wurin da mutum zai ce ya ishe shi ya kama hanyar gida ba ne. Tsaye ake wuni. Kai kuma ka san kanka. Ka bar makaranta, ka bar ɗinki, ka bar tuƙin a-daidaita, yanzu na ji ka bar walda."

"Waldar saboda wa na bari?"

"Ni na ce ka bari? Fasfo na ce, da iyo."

Gaskiya ne, fasfo ya ce, da iyo.

Na ce, "Duk wannan ka san shi ranar da ka jawo ni gefe a tasha. Ba a teku ka gano halina ba."

Ya buɗe baki, na riga shi.

"Tun azumi ka sani, Rabi'u. Ruwa bai sauka ba a lokacin. Da ka rage wa Turai gaisuwa ɗaya ka ce mini 'Badaru, ba kai ba ne,' da na karɓi gonar Baba. Da na koma wa Simon tun bai sa wani a wurina ba. Ni ina can ina gaya wa mutane ba ka da halin kira."

"Babanta ne ya yi mini maganar Hadi. Ya zan ce masa a'a? Kai ka sa kanka a matsayina."

"Ai a matsayinka nake. Har gwaggonka ni take gaisarwa."

Wani ya daka tsawa da Turanci a bayansa, kwanuka suka yi ƙara. Ya waiga ya amsa, ya dawo yana magana da sauri.

"Ana nemana. Zango mai zuwa, wallahi tallahi, in Allah ya kai mu. Me Alhajin ya ce? Badaru, me ya ce? Don Allah ka..."

Hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, sannan ya ɗauke.

Na miƙa wa Hadi wayar. Ya karɓa bai kalle ni ba.

"Wallahi, Malam Badaru, ban san an yi maka alkawari ba. Cewa ya yi kai ba ka son nisa da gida."

Dariya ta kama ni, wadda ba daɗi a cikinta. Ni da tun ina yaro ake nemo ni a tasha.

Daga bayan ƙofar zaure muryar Turai ta fito a hankali. "Yaya Badaru, sannu da zuwa. Me Alhajin ya ce?"

Hadi ya ce, "Ke, koma ciki."

Ba ta koma ba. Ina ganin gefen hijabinta. Hadi kuwa bai tambaye ni ba, ya sunkuya yana mayar da takalminsa cikin kwali. Na tafi wurin mashin na hau. Na zauna a kai ban tayar ba. In na tafi da maganar a bakina, gurbin ba nawa zai zama ba, Alhaji ya ce yana da masu jira. Abin da kawai zan samu shi ne Rabi'u ya ji kunya a gaban surukansa. Na so hakan, ba zan ɓoye ba, na so shi ƙwarai. Amma wannan da ke durƙushe da kwali bai yi mini komai ba sai sannu da zuwa.

Na ce, "Litinin. Ofishinsa a Kano. Ka je da fasfonka, likita zai duba ku. Ka kira shi yau, ya ce lambarka ba ta shiga."

Hijabin ya ɓace daga bakin ƙofa. Na ji gudun ƙafarta, na ji tana kiran "Inna! Inna!", sai gidan ya ɗauki hamdala, wata tsohuwa har da guɗa.

Hadi ya ce, "Ka tsaya ka ci abinci, don Allah. An sauke."

"Na gode. Mashin ɗin na aro ne."

Na buga bai tashi ba. Na sake bugawa, ya yi tari ya mutu. Ina ta bugawa ana ta murna a bayan katanga, gumi na zuba mini a ido. Bai tashi ba sai da Hadi ya ajiye kwalinsa ya tura ni har bakin titi.