Ta'aziyyar Kaka a Manassas

Littafi uku na karanta kafin ranar Asabar ɗin, don Baba ya ce ni ce tafintar Kaka a filin yaƙin basasar Amurka da ke Manassas. Kaka ta zo mana daga Kano, ba ta jin Turanci. Ni kuwa Hausata sai na tsaya na lalubo ta. Tun daga gidanmu a Beltsville nake bita a mota.

Muna isa na ja ta wajen manyan bindigogin da aka jera a kan ciyawa.

"Kaka, nan mutane suka mutu, dubbai!"

"Innalillahi! Nan ɗin nan? Su waye danginsu, Hidaya?"

Sai kawai na nuna wani dogon ma'aikaci mai faffaɗar hula da ke yi wa baƙi wajen ashirin bayani. Kafin in farga ta gyara mayafi ta ratsa tsakiyarsu, ta tsaya gabansa.

"Sannu bawan Allah. Ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan."

Duk aka juyo. Na raɗa mata, "Kaka, shekara ɗari da hamsin fa!"

"To da wa ya zo ya yi musu gaisuwa? Faɗa masa, kar ki rage min ko ɗaya."

Baba ya koma bayan wata bindiga, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Zan iya cewa tana yaba hularsa, ba wanda zai gane. Amma Kaka ta kafa min ido. Na faɗa masa duka, har da addu'ar Allah ya raya na baya.

Mutumin ya cire hular. Ya ce kakan kakansa can wajen shingen katako ya faɗi, kuma shekara goma sha ɗaya yana aikin nan ba a taɓa yi masa gaisuwa ba. Ya tambaye ni me ake amsawa.

"Da godiya," na ce.

"Da gaudiya!" ya faɗa da ƙarfi.

Kaka ta ce ai ba a zuwa gaisuwa hannu rabbana, ta zaro ƙullin dambun nama daga jaka ta damƙa masa. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na juya ga baƙin ina yi musu bayanin yadda ake cin dambu, har wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana da tambaya.