Bangon da Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Sau uku Injiniya tana auna igiyar, sau uku tef ɗin yana gaya mata abu ɗaya: bangon tsakiya ya gusa da mita guda. Ba bango ba ne na gaske tukuna, farar igiya ce ɗaure a turaku biyu, amma ko igiya ai ba ta da ƙafa.

Aikinta zanen gidaje. Babanta ne ya laƙaba mata Injiniya tun tana shekara bakwai, ranar da ta kwance masa agogon wani mutum ta kasa mayarwa, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki. Tana da wata ɗabi'a da abokan aikinta ke yi mata tsiya a kai: ba ta taɓa miƙa zane a yanka katako sai ta shimfiɗa gidan a ƙasa da igiya, daidai girmansa, masu gidan sun yi kwana uku suna shiga suna fita. Ta ce a takarda kowa gyaɗa kai yake yi, sai ƙugunsa ya bugi teburi sannan bakinsa ke buɗewa.

Wannan gidan kuwa na iyayenta ne. Shekara ashirin suna haya a hawa na uku, matakala arba'in da biyu, gwiwoyin Mama sun ce sun gaji. Fegin da suka samu ɗan tsito ne, sai ta zana musu gida mai sassa uku da za a ƙera a ma'aikata, a ɗauko a mota, a haɗa a wurin. Sashe ɗaya ɗakin kwana da banɗaki, ɗaya kicin da wurin zama, na uku ɗakin aiki. Rufin ya karkata don ruwan sama ya gangara cikin tanki, sola a bisansa, ƙananan tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa ba sai an kunna fanka ba.

Ɗakin aikin ne ta raba biyu. Baba mai gyaran agogo ne, Mama tela, kuma tun da Injiniya ta yi wayo take jin faɗansu. Shi ya ce keken ɗinkinta na girgiza masa teburi, ƙurar yadi na shiga cikin agoguna. Ita ta ce ƙas-ƙas ɗin agogunansa zai haukata ta wata rana. Don haka 'yarsu ta sa bango a tsakani, ta tsaga babbar tagar gabas gida biyu, rabi nasa rabi nata. Ta ji daɗin wannan adalci nata ƙwarai.

Ran Litinin da yamma ta tarar igiyar ta matsa hagu, tagar duk ta faɗa ɓangaren Mama. Ta zargi kanta, ta gyara. Ran Talata da safe igiyar ta koma dama, tagar duk ta zama ta Baba. Ta gyara. Kafin la'asar ta sake komawa hagu.

Hankalinta ya tashi, don babban kafinta na ma'aikatar ya riga ya gaya mata gaskiya. Ran Alhamis da safe zai sa zarto. In awo bai zo ba, zai kama aikin wata makaranta, ba zai waiwaye ta ba sai bayan wata huɗu. Ƙarin wata huɗu ke nan Mama na hawa matakala arba'in da biyu tana tsayawa a kowane hawa tana yi kamar jakarta take gyarawa. Injiniya kuwa ba za ta aika awon da masu gida ba su amince da shi ba, ko da iyayenta ne. Ta tambaye su a waya ko akwai abin da bai yi musu ba, kowannensu ya ce komai lafiya lau, Allah ya yi mata albarka.

Ran Laraba ta yi sammako ta ajiye motarta a bayan layi, ta tako a ƙasa. Daga nesa ta hango mutum a duƙe cikin fegin yana kokawa da turke. Mama ce, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya yana girgiza turken.

"Mama!"

Mama ta ɗago a hankali, ko kunya babu. "Au, ke ce? Zo ki cire mini wannan abin, kin buga shi kamar da gayya."

"Ashe ke ce kike wahalar da ni? Da wannan gwiwar?"

"Rage murya." Ta zauna a kan bulon da aka ajiye a matsayin kujera. "Ke ba ki lura da babanki ba. Idonsa ya fara ja baya, ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Tun bara yake ɗaukar agogo ya fita bakin matakala, wai iska yake sha. Haske yake nema. Rabin taga me zai yi masa? Ki ba shi duka, ni na ɗinka a duhu ma, hannuna ya san hanya. Kuma kada ki kuskura ki gaya masa."

Injiniya ta buɗe baki ke nan, sai ga tari daga bakin titi. Baba ne ya shigo fegin, ƙaramar guduma na leƙowa daga aljihunsa. Ya gan su, ya tsaya cak.

"Ba zare kika ce za ki saya ba?" ya ce da Mama.

"Kai ba batir ka ce za ka nema ba? Da guduma ake sayen batir yanzu?"

Ya tura gudumar ciki, ta ƙi ɓoyuwa. Ya dubi igiyar, ya dubi matarsa. "To ke ce mai mayar mini da hannun agogo baya! Ni ina ta zargin yarinyar nan da taurin kai."

"Baba, kai ne na yamma?"

"Ni ne, sai me? Injiniya, uwarki sai ta yi gwaji goma kafin zare ya shiga allura. Ina ƙirgawa, tana tsammanin barci nake. Taga tata ce."

"Tasa ce."

"Na ce taki ce!"

"Ka ji mutum! Ana ba ka abu kana ɗaga murya?"

Dariya ta kama Injiniya har ta durƙusa kan igiyar, sai kuma ta ji ƙwalla na bin dariyar. Shekara talatin tana sauraron faɗan mutanen nan, ta ɗauke shi da gaske, har ta gina masa bango. Daɗi ya cika ta, da 'yar kunya kaɗan.

Ta je ta kawo motarta, a nan kan bonet ta gyara zanen. Ba ta iya soke bangon gaba ɗaya ba, zuciyar mai zane ba ta ba ta ba. Ta mai da shi mara nauyi, ta ɗora shi a kan ɗan layin dogo na ƙarfe yadda yatsa ɗaya zai tura shi hagu ko dama.

"Ga shi nan," ta ce. "Ku ci gaba da tura shi, ba sai kun zo da guduma ba."

Awo ya isa hannun babban kafinta kafin azahar. Bayan mako shida mota ta kawo sassan uku, aka haɗa su cikin yini biyu, Mama ta shiga gidanta da taku ɗaya tak daga ƙasa.

Da Injiniya ta zo duba su wata safiya, tun daga ƙofa ta jiyo keke na ruri, agoguna na ƙas-ƙas. Ta leƙa ɗakin aiki. An ture bangon can ƙurya, an rataya masa tawul biyu da tef ɗin awon Mama. Teburan biyu suna manne da juna a gindin tagar, rana ta zubo a kansu.

"Baba, bangon nawa fa? Kwana nawa na yi ina lissafin dogon nan."

"Yana aiki mana. Ba ki ga tawul ba? Ba mu taɓa samun wurin shanya kamarsa ba."

Mama ta tsayar da keke, zarenta ya tsinke. Ta kwance allurar, ta miƙa ta gefe. Baba ya ajiye agogon hannunsa, ya maƙala ɗan madubin aikinsa a ido, ya zura zaren a gwaji ɗaya.

"Kin girgiza mini teburi sau uku yau," ya ce yana miƙa mata.

"Matsa, ka tare mini haske," in ji Mama.

Ya ja kujerarsa, ya matsa kusa da ita.